Ƙofar da Aka Hana Zayyanu Shiga

Ranar da Zayyanu ya faɗi jarrabawa karo na biyu, ba wanda ya yi masa faɗa a gida. Rubutu aka ƙara masa. Da ma da safe kaɗai yake sha, daga ranar ya koma safe da yamma, har da na shafawa a goshi kafin ya hau babur ya tafi kwaleji.

Ubansa, Malam Jelani na Kashin Zama, da wannan rubutun aka san shi, rubutun basira. Da jarrabawa ta ƙarato za ka ga babura sun yi layi a ƙofar zaurensa, daga Jega, daga Aliero, har daga Maiyama, iyaye riƙe da jarkoki suna jiran abin da zai buɗe wa 'ya'yansu kai. Ni ba ni da ja da ayar Allah, ban kuma taɓa yi ba. Da mutum nake, mutumin da ya ɗauki sunansa ya ɗora wa ɗansa a ka, ya ce ko wuya zai karye kada ya sauke.

Zayyanu ba wawa ba ne. Ka karanta masa abu sau ɗaya, ya riƙe shi ke nan. Rabin Alƙur'ani na kansa, kuma daga bakin ubansa ya ɗauka, ba daga allo ba. A kwalejin aikin gona da yake karatu, can kan hanyar Maiyama, shi malamai ke kira gonar gwaji ya nuna wa 'yan ajinsu yadda ake gane ciwon albasa tun ganye bai kwanta ba. Amma ka ajiye masa takarda ka koma gefe, sai ka ji kamar ka yi masa kuka. Baƙaƙen ba sa tsaya masa wuri ɗaya. Sai ya sa yatsa ya danne layi kamar mai riƙe da ɗan tsako, kafin ya kai ƙarshe farkon ya kuɓuce. Yadda ya tsallake sakandare kuwa ba sai an tona ba. Irin makarantar nan aka kai shi da ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa, kowa ya kwafa, wanda ya kasa a kwafa masa.

A cikin gida ba a ɓoye wannan. Tun yana ƙarami sunansa Daƙiƙi. Yayansa Muntari haka yake kiransa, Malam ma in ransa ya ɓaci haka. Uwarsa ce kaɗai, Inna Ramatu, ba ta taɓa sa sunan a bakinta ba. Sai an yi baƙo ne kowa ke tuna cewa ranar suna Zayyanu aka raɗa masa.

Ga shi dokar kwalejin ba ta lanƙwasa: wanda ya faɗi sau uku, sai gida. Saura masa guda.

Wani malaminsu ne ya gaji da ganin yaron da ke amsa komai a gona yana miƙo farar takarda a aji, ya tura shi wurin Malama Hamida. Ofishinta na can ƙarshen ginin ajujuwa, ɗaki ɗaya, da benci a ƙofa, da fanka mai kuka. A jikin ƙofar an rubuta Ofishin Tallafa wa Ɗalibai. Ɗalibai kuwa ba su wahalar da bakinsu da dogon suna ba, ɗakin daƙiƙai suke ce masa. Nan ake tura masu raunin ji, da masu raunin gani, da waɗanda karatu ke wa gardama. Da yawa sun gwammace su faɗi da a gan su a kan bencin nan.

Malama Hamida 'yar Jega ce, dattijuwa mai magana a sanyaye. Ita kaɗai ta rage a ofishin tun da aka yi wa abokin aikinta canji, gajiya kuma ba ta ɓuya a fuskarta. Ta ba Zayyanu shafi guda a kan takin zamani ta ce ya karanta. Ya danne da yatsa, ya yi ta fama, gumi na bin wuyan rigarsa. Bai kai tsakiya ba ta karɓe. Ta karanta masa da kanta, ta kifa takardar, ta shiga yi masa tambayoyi. Bai kuskure ko ɗaya ba. Har wuri guda ya gyara wa marubucin, ya ce a ƙasarsu in aka zuba takin haka ba ruwa a kusa, ƙone shuka zai yi.

Ta dube shi ta ce, "Tun yaushe baƙaƙe ka yi maka haka?"

"Tun da na san kaina, Malama."

"A gida mi anka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce daƙiƙi ni."

"To ba daƙiƙi ba ne kai," in ji ta. "Abin ga shina da suna, Turawa na ce mashi disleksiya. Kai lahiya lau, ido lahiya lau, hanyar da ke tsakaninsu ta da wuyar bi. Ba kai kaɗai ba ne, kuma ba ka yi ma kowa laihi ba."

A shekarunsa ashirin da ɗoriya ba a taɓa gaya masa haka ba, sai ya rasa inda zai ajiye maganar. Ta bar shi ya gama share ido da hularsa, sannan ta faɗa masa abin da ofishin ke iya yi. Za ta riƙa ɗaukar masa darussa da murya a wayarsa ya saurara. Zai riƙa zuwa bayan lakca su yi atisayen karatu a hankali. Ranar jarrabawa kuma a wannan ɗakin zai zauna, a karanta masa tambaya, a ƙara masa lokaci, inda rubutu ya gagara ya faɗa da baki a rubuta a gaban mai sa ido. Kwaleji ta yarda da wannan, in ji ta, masu zuwa ne babu.

Ya riƙa zuwa. Yakan leƙa hagu da dama kafin ya zauna kan bencin, amma yana zuwa. A kan babur, a bakin rijiyar ban ruwa, ko'ina ka gan shi da abin sauraro a kunne. Da aka yi ƙaramin gwaji a tsakiyar zango, ya ci, ci mai kyau ma. Inna kaɗai ya gaya wa zancen ofishin, a madafi, murya ƙasa ƙasa. Ta ce alhamdu lillahi, ta kuma ce kada ya bari Malam ya ji. Malam da ya ji labarin cin gwajin, rubutunsa ya yaba.

Alhaji Isiyaku ne ya fasa ƙwan. Dillalin albasa ne a Aliero, mutum mai son raha, irin wanda bai san raharsa na yanka ba. Wata Juma'a bayan masallaci ya zo zauren Malam da jarkarsa, zaure cike da mutane, ya zauna ya ce, "Malam, halan rubutun ga bai cin ɗan gida?"

Malam Jelani ya ɗaga kai daga allon da yake dubawa. "Ƙaƙa, Alhaji?"

"Na tahi kwaleji wurin ɗiyata, sai na ishe Zayyanu zaune bisa bencin ɗakin nan da yara ka ce ma ɗakin daƙiƙai. Nac ce, ɗan Malam na, ko ko idona na?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma dariya ce, a zauren mutum, a gaban jarkoki. Malam ma ya yi tasa, ya ce ai shi ya aike shi can da saƙo. Ya cika wa Alhaji jarka, ya yi masa addu'a, ya raka shi har bakin mota. Da la'asar ya sa aka kira masa Zayyanu.

Zayyanu ya durƙusa a bakin buzu. Muntari na gefe yana wanke alluna a cikin ƙwarya.

"Mi kaka yi ɗakin nan?"

"Karatu aka koya min, Baba. Malama tac ce ba daƙiƙanci ba ne. Tac ce wani abu na da an san shi, kuma akwai dabarar..."

"Ita ta hi ni sanin kanka, ni da na haihe ka?"

"A'a, Baba."

"Mutum shi ɗauki Alƙur'ani ga kai nai, sannan a ce boko ta gagare shi? Lalaci na, ba komi ba. Kuma sun samu abin neman suna da ɗiyan mutane." Malam ya ajiye allon. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. "Yau an yi min dariya cikin zaurena. Gobe wa zai kawo ɗa nai wurin malamin da ɗan cikinai ka zama ɗakin daƙiƙai?"

"Baba, na ci gwajin da munka yi. Can na samu na ci. In na sake hwaɗuwa kora ta za a yi."

"Rubutun da kaka sha shi ya ci ma gwaji, shi zai ci ma jarrabawa in Allah ya so. Saurara da kyau. In ka sake taka ƙohwar nan, ko ka zauna gaban matar nan da sunan karatu, ban yahe ma ba. Duniya da lahira."

Hannun Muntari ya tsaya a cikin ƙwarya. Da rantsuwa Malam ya sa yaron ya yi, da da sauƙi: mutum ya karya, ya yi azumin kaffara, ya wuce. Malam ya san haka, shi ya sa bai sa shi rantsuwa ba. Ya zaɓi kalmar da ba ta da kaffara, wadda ba mai warware ta sai bakin da ya ɗaura.

Washegari Muntari ya karɓe wayar ya goge duk darussan. Ya ce umarnin Malam ne, karatu da ido ake yi ba da kunne ba. A gidan da kowa da kunne ya ɗauki karatun da ake taƙama da shi aka faɗi wannan, kuma ba wanda ya ji kunya.

"Yaya, kai ka yi jami'a," in ji Zayyanu. "Kai ka san abin ga gaskiya na. Ka yi mashi magana."

Muntari ya miƙa masa wayar ba tare da ya dube shi ba. "Na gama jami'a, ina aikin? Allo nika rubutawa. Kai ka ɗauka zauren ga ado na? Shi ka ciyar da mu, har da kai. Kai ɗaya ka samu takarda, mu duka mu rasa tuwo? Ka dage dai, Daƙiƙi. Wasu ma da ba su kai ka ba sun ci."

Zayyanu ya je wurin Inna. Ya same ta tana tankaɗe, ta saurare shi hannunta bai tsaya ba. Ita ce ta fara lura da abin tun yana ɗan yaro, lokacin da yakan riƙe allo a juye yana karantawa daidai. Ta sani, ta kuma san ta sani. Amma ta shekara talatin a gidan nan tana koyon inda ake yin shiru.

"Inna, ki roƙe shi."

"Na roƙa, ɗana. Yac ce in na sake, ni na ɓata ka." Ta buga rariya a tafin hannu. "Bi ubanka. Takarda ana samun wata. Bakin uba in ya kama mutum, ina za mu kai ka?"

"To in an kore ni hwa?"

"Allah na nan," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Daga nan kwanakin suka koma iri ɗaya, kowace rana ta fi ta jiya nauyi. Da ya idar da sallar asuba sai ya zauna da littafi, ya danne layi, ya yi ta ja. Kafin rana ta ɗaga kansa ya fara sara. Ya sha rubutu, ya shafa, ya hau babur. A aji malami na magana yana fahimta, da an ce a buɗe shafi kaza sai a tafi a bar shi. Abokin zamansa ya karanta masa sau ɗaya, sau biyu, sannan ya fara kawo uzuri, shi ma da tasa jarrabawar. Zayyanu ya daina bin gaban ginin ajujuwa. Sai ya zagaya ta bayan garken awaki, cikin kashi da ƙudaje, don kada ƙafarsa ta kai shi inda aka hana. Abinci ya daina shiga. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Malam da ya ga ramar, ya ce alamar karatu ne ya fara kama shi, ya ƙara masa wani rubutun na ƙarfin zuciya.

A gonar gwaji Malama Hamida ta ritsa shi, yana tsugune yana gyara kwamin albasa. Ta tsaya a kan kunya, takalmanta sun yi taɓo.

"Zayyanu, laihin mi na yi maka?"

Ya miƙe, ya ja da baya kaɗan. Ya gaya mata komai, idonsa a ƙasa. Ta ce to su bar ofis, su riƙa haɗuwa a gindin dalbejiyar bakin masallaci. Ya ce har zama gabanta an haɗa. Ta ce ta tura masa darussa ta wayar wani. Ya ce wannan dabara ce, Allah kuma ya san abin da Baba ke nufi.

"Kai ba yaro ba ne," in ji ta. "Kwaleji ba ta buƙatar yardar kowa sai taka."

"Na sani, Malama."

"To?"

"In na ci da bakin Baba bisa kaina, mi na ci?"

Ta karɓi lambar Muntari, ta kira shi a nan take. Muntari ya gaishe ta da ladabi, ya ce ai wannan ba matsala ba ce, zai yi wa Malam bayani, zai kira ta. Bai kira ba. Da ta sake nema, wayar ta yi ta ringi har ta gaji.

Ranar jarrabawa zafi ya sauko tun da hantsi. Malama Hamida ta yi abin da take iyawa: ta nemi izini, aka ba ta mai sa ido, ta share ɗaki, ta ajiye kujera da ruwan sha, ta buɗe ƙofar har bango. Daga inda ɗalibai ke layin shiga babban zauren jarrabawa ana hango ta tsaye a bakin ƙofa. Zayyanu ya hango ta. Layi na tafiya, shi yana tsaye, har na bayansa suka fara zagaye shi. Ba nisa tsakaninsa da ita, da ya yi niyya da kafin mai sa ido ya gama gyara zama ya iso. Ya taɓa goshinsa inda rubutun safe ya bushe. Sannan ya bi layi ya shiga zauren.

Aka raba takardu. Tambayar farko ta ɗauke shi lokacin da wasu suka yi uku. Da ya gama haɗa ta, sai ya ga a kan adana albasa ce, abin da yake yi tun bai kai tsawon buhu ba. Ya san amsar har da abin da littafi bai faɗa ba. Ya kafa biro, kalmomin na cunkushe a bakinsa, hannu ya ƙi fitar da su. Ya rubuta, ya soke, ya sake. Gumi ya ɗiga ya jiƙa layin da ya samu da ƙyar. Da aka ce a ajiye biro, yana tsakiyar tambaya ta biyu.

Da sakamako ya fito, wani ɗan ajinsu ne ya duba masa a allon sanarwa, ya dafa kafaɗarsa ya girgiza kai. Zayyanu ya kwashe 'yan littattafansa ya ɗaure a bayan babur.

A gida Malam ya ce, "Allah bai nuhwa ba." Muntari ya ce da ma shi ya san za a yi haka. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. A zaure kuwa, da aka tambaya, Malam ya ce shi ya cire yaron da kansa. Ya ce bokon yanzu ba tarbiyya, ga gona na neman hannu, me za a yi da takardar da masu ita ke yawo ba aiki? Mutane suka gyaɗa kai, suka ce Malam ya yi hangen nesa. Babura suka ci gaba da yin layi.

Aka tura Zayyanu rudu, rumfar kara da ake jibge albasa a ciki bayan an cire, tana jiran tsada. Aikinsa ya bi tsibi yana tsince wadda ta fara ruɓa kafin ta shafa wa sauran. Wuni yake a ciki, cikin wari da zafi, ba ya magana da kowa. Ba wanda ya kai shi iya aikin, wannan ma sai aka mayar da shi hujja: ai ga inda Allah ya ajiye basirarsa.

Ana cikin haka wata rana da hantsi Malama Hamida ta sauka daga motar haya a Kashin Zama. Ta sha wuya kafin ta zo. Ta bi ofis ofis, ta yi magana har muryarta ta dushe, har hukumar kwaleji ta yarda a ba Zayyanu dama guda ya sake zama, a ɗakinta, in ya dawo kafin a buɗe sabon zango. Abin da ta kawo ke nan.

Malam Jelani ya karɓe ta da mutunci. Ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar ƙofar zaure, aka kawo fura mai sanyi. Ya saurare ta har ta gama, yana jan carbi.

"Malama, Allah shi saka maki da alheri. Kin yi abin da ba kowa ka yi ba."

"Malam, kalma guda nika roƙo. Ka ce ka yahe mashi shi shiga. Ba sai kowa ya sani ba."

"Garin ga ana ɓoye abu?" Ya yi murmushi. "Yaron ga lahiya tai lau. Ba shi da wata cuta da za a kai shi ɗakin masu cuta. Ni na san ɗana."

"Ba cuta ba ce, Malam. Kai ma da kunne ka ba shi Alƙur'ani. Abin da nika so in yi ke nan, ba wani abu ba."

Carbin ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Alƙur'ani daban, Malama. Ki sha hura, rana na yi."

Ta sake roƙo ta wata hanyar, ya sake godiya ta wata hanyar. Mutumin da zai zage ka ya fi sauƙi, aƙalla ka san inda za ka riƙe shi. Da ta ga ba ci gaba, ta miƙe. Malam ya ce ba za ta tafi hannu sake ba, ya ɗaga murya ya ce Zayyanu ya zaɓo mata albasa mai kyau, rabin buhu, ya kai mata bakin hanya.

Haka suka fito, ita a gaba, shi a baya da buhu a ka. Hanyar ta bi ta jikin katangar gidan, daidai madafi, ana jin motsin tukwane daga ciki. Nan ta tsaya ta juyo. Ya rame har ta ji tsoro, hannayensa duk baƙin ruwan ruɓaɓɓiyar albasa.

"Ka ji abin da na zo da shi?"

"Na ji, Malama. Rudu ba nisa."

"Ƙohwar na buɗe har a koma. Ba ni iya riƙe ta bayan nan."

"Ki yi haƙuri, Malama. Na sa ki wahala." Ya gyara buhun a kansa. "Uba ɗaya gare ni."

Ta juya za ta ci gaba, sai ya ce, "Malama."

"Na'am."

"Abin nan da kinka hwaɗa min ranar hwarko. Cewa ni ba shi ba ne." Ya nuna katangar da haɓa. "Inna na nan ciki. Ni na gaya mata, amma daga bakina ta ji. Ki hwaɗa da ƙarhi ta ji daga bakin mai ilimi."

Malama Hamida ta dubi katangar laka, ta dubi yaron. Ita da ba ta ɗaga murya ko a aji, ta ɗaga.

"Inna, ɗanki Zayyanu ba daƙiƙi ba ne. Na shekara da shekaru ina koyarwa, ban ga kai irin nashi ba sai kaɗan. Ba shi ya kasa ba. Hana shi anka yi."

Motsin tukwanen ya tsaya cak. Ba a amsa ba. Can sai aka ji wata 'yar ƙara, irin ta mai toshe baki da gefen zane.

Abin da Zayyanu ya samu ke nan daga karatunsa na kwaleji. Ba takarda, ba aiki, sai shaida guda da aka jefa ta kan katanga, ita ma sai da ya roƙa. Gwamnati ba ta hana shi ba, talauci bai hana shi ba. Ɗaki na nan, kujera na nan, mai karanta masa na nan. Gidansu ne ya auna shi da sunan zaure, aka ga zaure ya fi nauyi. Kuma kada mu yi saurin tsine wa Malam Jelani, don ba shi kaɗai ba ne. Gidaje nawa ne a garuruwan nan za su kira ɗansu daƙiƙi safe da yamma ba su ji komai ba, amma su gwammace ya lalace da a ce wani a waje ya san yana buƙatar taimako?

Daga zaure Malam ya yi gyaran murya, ya kira, da sunan da ake kira in akwai baƙo.

"Zayyanu. In ka kai, ka dawo ka juya albasar ƙasan tsibin nan, kada ta ruɓe."

"To, Baba," in ji shi.

Ya kai buhun bakin hanya, ya tsaya har mota ta zo, ya sa mata a but, ya ce ta gaida gida. Sannan ya koma rudu.